Na je a ƙara mini lam, Baba ya cire guda uku

Ranar da uwar lam ta baya (lam ita ce jerin ganyen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, uwar kuma ganyen da ya fi tsawo) ta karye mini karo na uku cikin shekara guda, ina tsakanin Dakoro da Bermo, da buhun dusa 22 da mutum shida a sama. Ba rami na faɗa ba. Gargada ce kawai, irin wadda ke sa haƙoran mutum su yi ta haɗuwa, sai na ji ƙas daga ƙasa, mota ta karkata hagu kamar jakin da mangalarsa ta zame. Muka sari reshen aduwa, muka ɗaure shi da robar tsohon tub, muka lallaɓo. Tafiyar yini guda ta ci mini kwana biyu, kuma mai dusar bai ƙara ba ni kaya ba har yau.

Motar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, HZJ75 ƙirar 1996, mai injin 1HZ na gazuwal, silinda shida, lita 4.2. Kan inji ba ni da ta cewa. Ƙafafunta ne suka hana ni barci, kuma gaskiya ni na jawo wa kaina. Duk sa'ad da lam ta karye sai in je wurin masu walda in ce a ƙara ganye. Wannan ya ƙara ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har bayan motar ya ɗaga sama kamar zakara zai yi cara. In babu kaya, ko tsakuwa na taka sai na ji ta a ƙugu. Ni kuwa ina murna, wai na yi mota mai ƙarfi.

Wani direban furoje da muke shan shayi tare a tasha ne ya ce in kai ta wurin Baba. Garejin yana gefen hanyar da ke fita Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ba allo, ba suna a bango, sai wata tsohuwar taksi da ta zama ɗakin kaji a bakin ƙofa. Ba zan faɗi sunan mai wurin ba, don akwai abin da zan yaba akwai kuma abin da zan kushe, kuma dattijo ne. Kowa Baba yake ce masa, aparanti kuma su ce Shef. Aikinsa ƙasan mota ne kaɗai: lam, amortisar (ƴan Jibiya su ce shokozoba), robobi, pon (ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama), da daidaita ƙafa. In inji ne ya kawo ka, zai nuna maka maƙwabcinsa ya koma kan bencinsa.

Na isa da hantsi. Rumfar kwano ce mai faɗi, rami ɗaya na duba mota wanda aka jere da bulo, bedi biyu da ke ba da inuwa, tabarmar salla, da randa. Wurin ya fi yawancin garejin da na sani tsabta, kuma kowane makulli yana da ƙusarsa a allo, an zana siffarsa da fenti, in ya ɓace a gani tun daga nesa. Na gaida Baba, na ce lam nake so a ƙara, ta ɗauki kaya sosai.

Bai amsa ba. Ya zaga motar sau ɗaya, ya durƙusa, ya ƙirga ganyen da yatsa. Ya haska tocila kusa da inda lam ke rataye a shasi, ya kira ni. Tsaga ce siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, tsatsa ta bi ta.

"Ɗana, wa ya yi maka wanga aiki?"

"Mutane da yawa, Baba."

"To sun taru sun kashe maka mota. Lam ba ta lanƙwasa, shi ya sa shasi ke lanƙwasa a madadinta. In na ƙara maka ganye, watan gobe ba lam za ka kawo mini ba, mota biyu za ka kawo, gaba daban baya daban."

Na yi gardama, don kuɗina ne kuma motata ce. Sai ya ce in shiga mu zaga. Muka bi wata hanyar burji da ke bayan gari, ya ce in taka sosai, minti 20 ba tsayawa. Da muka tsaya ya fita da sauri, ya ce in taɓa amortisar ta gaba. Na taɓa na janye hannu, kamar butar shayi a kan gawayi. Ya ce in taɓa ta baya ta hagu. Sanyi ƙalau, sai ɗumin rana.

"Wadda ta ƙona ka tana aiki, amma ta kusa gajiya. Wagga mai sanyi gawa ce, kana yawo da ita kawai."

A nan ya yi mini bayanin da shekara 14 ina tuƙi ba wanda ya taɓa yi mini. Lam ita ke ɗaukar nauyi, amma in an danne ta sai ta rama, ta yi ta tsalle. Amortisar ce ke kashe tsallen: mai ne a cikinta, ana matsa shi ya bi ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin bugun ya koma zafi. A kan kwalta zafin kaɗan ne, iska na ɗauke shi. A kan gargada kuwa, taya na hawa da sauka ba iyaka, man ya yi zafi, ya tsinke kamar ruwa, ya yi kumfa, sai ta daina riƙewa. Daga nan duk dukan da hanya ke yi a kan lam yake sauka, in lam ta ƙi lanƙwasa ya wuce wa shasi. Na tsaya ina kallon tayata kamar yau na fara ganinta.

Da muka dawo na ga hotunan bango. Cikin ɗan ɗakin da yake ajiye kaya, sama da buhunan robobi, an manna shafukan mujallu na Faransanci da rana ta cinye launinsu. Manyan motoci cikin rairayi, babura, wani jirgi mai saukar ungulu. Ashe Baba a Agadas ya yi aparanti, cikin shekarun 1980, lokacin da ralin Paris-Dakar ke yada zango a can. Ya ce su yaran gareji aikinsu riƙe fitila ne, da mirgina duro, da wanke ƙarfe cikin gazuwal, amma mai riƙe fitila shi ya fi kowa ganin abin da ake kwancewa.

Hoto ɗaya ya fita daban. Ba hamadarmu ba ce, akwai dogayen itatuwa masu ƙaya marasa ganye, motar kuma gajeriya ce mai wani faffaɗan fiffike a saman rufi, tayoyinta huɗu duk a sama. Baba ya ce wani makanikin Bature ne ya ba shi, ya ce masa ga kakar duk motocin tseren daji. Ɗansa, wanda ya yi makarantar koyon sana'a kuma shi ke riƙe da wayar gareji, shi ya gaya mini sunanta: Big Oly. Da yake motata ta kwana tara a wurin (zan zo kan wannan), na samu lokacin bin labarin har ƙarshensa, dare bayan dare, ina ƙona kuɗin intanet.

Abin ya faro ne a wani dogon zirin ƙasa na Meziko da ake rubutawa Baja, a faɗa Baha. A 1962 wasu Amurkawa biyu, Dave Ekins da Bill Robertson, suka hau baburan Honda daga Tihuwana zuwa La Paz don a nuna babur ɗin yana da juriya. Babu alƙali, babu mai agogo, sai suka je gidan waya aka buga musu hatimin lokaci a takarda, da suka isa can aka sake bugawa. Ekins ya yi awa 39 da minti 56. Wannan dabarar ta burge ni, don ko mu nan in ba shaida ba mai yarda ka je Bermo ka dawo kafin la'asar. A 1967 Bruce Meyers da Ted Mangels suka karya wannan lokaci da wata ƴar ƙaramar mota da Meyers ya ƙera da injin Volkswagen, awa 34 da minti 45. A ƙarshen Oktoba na shekarar wani mai suna Ed Pearlman ya shirya tsere na sosai, Mexican 1000, mil 849, wato sama da kilomita 1,300. Vic Wilson da Mangels suka ci da irin waccan ƴar motar, Meyers Manx, cikin awa 27 da minti 38.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba mai ƙarfi ce ta ci ba, mara nauyi ce. Masu kat-kat da a-kori-kura na farko irin tunanina suka yi: a ƙara ƙarfe, a ƙara ganye, a yi walda. Motocinsu na kanti ne, Jeep da Ford Bronco da makamantansu, tayarsu ba ta da wurin hawa da sauka sai ɗan kaɗan. Suna taka wuta amortisar ta dafu, sai lam, sai pon. Maganin da suka fara samu shi ne na mai gona da ya ga jaki ɗaya ya gaji: a ƙaro jakuna. Sai ka ga taya guda da amortisar biyu, uku, har huɗu a jere, don zafin ya rabu. Da irin wannan gyara Rod Hall da Larry Minor suka ci tseren 1969 gaba ɗaya da Bronco mai jan ƙafa huɗu, wadda garejin Bill Stroppe ya shirya.

Shi Stroppe ɗin ne ya jawo Parnelli Jones cikin harkar. Jones ya ci babban tseren Indianapolis a 1963, mutumin filin tsere ne, bai san lallaɓawa ba, duk Bronco da aka ba shi sai ya kakkarya ta. Maimakon ya rage gudu sai ya ce a canza motar. Aka watsar da shasin kanti, aka ɗinka sabo da bututun ƙarfe kamar keji. Aka sa gangar jiki mara nauyi mai kama da Bronco don ido kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki, aka cire jan gaba ɗungurungum, ta koma tayoyin baya kaɗai ke ja, don pon na gaba nauyi ne kuma yana hana taya sakewa. Ita ce Big Oly, sunan daga wani kamfanin giya da ya ɗauki nauyinta. Ta ci tseren a 1971, ta maimaita a 1972. A 2021 an yi gwanjonta kan dalar Amurka miliyan 1.87. Da na gaya wa Baba kuɗin ya dubi hotonsa da ƙuda suka ɓata, ya ce ko takardar ma ya kamata a sa mata gilashi.

Bayan haka abu ya yi ta gaba da sauri. Mickey Thompson ya kafa ƙungiyar SCORE a 1973, ita ke riƙe da tseren, wanda ake kira Baja 1000, har yau. Walker Evans ya ci shi gaba ɗaya a 1979 da a-kori-kurar Dodge. Aka samu amortisar mai iskar gas da ke danne man kada ya yi kumfa, aka maƙala mata ƙaramar gora a gefe don man ya yi yawa ya daɗe bai yi zafi ba, har guda ɗaya babba ta maye gurbin huɗun da. A 1994 aka buɗe ajin da suke kira Trophy Truck, waɗanda tayarsu ke hawa da sauka fiye da rabin mita. Ɗan Baba ya nuna mini ɗaya a waya tana keta gargada, tayoyi na rawa kamar ƙafar mai sussuka, gangar jikin kuwa ko motsi, ka ce a kan tabarma take.

Wannan duk karatu ne. Na Dakar kuwa Baba ya gani da idonsa, kuma in ya fara ba ya son a katse shi. Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓace cikin hamada da babur a 1977 aka tsinto shi, shi ya shirya ralin farko. Sun tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, su 182, suka ratsa Aljeriya da Nijar da Mali da Haute-Volta (Burkina Faso ta yau), 74 suka ga Dakar. Cyril Neveu ya zo na ɗaya da babur Yamaha XT500. Manyan motoci an ba su ajinsu a 1980, kuma wadda ta fara ci Sonacome ce, ƙirar Aljeriya, da direbobin Aljeriya. Wannan Baba ya faɗa mini sau uku cikin kwana tara. A 1983 suka fara keta hamadar Tenere, guguwar rairayi ta tashi, mutum wajen 40 suka ɓace sai da aka yi kwanaki ana tattaro su. Ba tauraron ɗan Adam mai nuna hanya a lokacin, sai kamfas da littafin hanya da sa'a.

Farkon abin manyan motocin kayan gyara suke ɗauka, su bi bayan ƙanana. Wani ɗan Holan mai kamfanin sufuri, Jan de Rooy, shi ya ce ba zai zama ɗan dako ba. Ya sa wa DAF ɗinsa inji biyu, kowane lita 11.6, ɗaya na jan gaba ɗaya na jan baya. Ya ci ajin manyan motoci a 1987. A 1988 ya dawo da wadda kowane inji ke ba da ƙarfin doki 600, aka ɗauke shi daga jirgi yana wuce Peugeot 405 ta Ari Vatanen cikin fili, gudun wajen kilomita 200 a awa, da abu mai nauyin tan goma. Cikin ralin nan dai, a Tenere, motar DAF ta biyu ta hau tudun rairayi da gudu ta yi ta wuntsilawa, mai duba musu hanya Kees van Loevezijn ya mutu, kamfanin DAF ya janye nan take. Karel Loprais ya ci shekarar da Tatra.

Kan Tatra ne Baba ya tashi daga benci. Ya ɗauki guntun bututu da sanduna biyu ya nuna mini a ƙasa: ita ba ta da shasi mai katako biyu irin namu, bututu ne guda babba a tsakiya kamar ƙashin baya, kowace taya na lilo da kanta a gefensa. Ta dama ta faɗa rami, ta hagu ba ruwanta.

"Na shiga ƙarƙashinta da fitila, ɗana. Na ce wa maigidana wagga ba mota ba ce, raƙumi ne. Ka taɓa ganin raƙumi ya ƙage ƙafa yana tafiya cikin rairai?"

Ni dai ba na cikin masu kewar ralin nan kamar yadda Baba yake yi. Ya kawo kuɗi Agadas, Mano Dayak, jagoran Abzinawa mai harkar yawon buɗe ido, da mutanensa sun ci moriyarsa, amma ya bi ta cikin garuruwan talakawa da gudun da bai kamata ba, kuma a 1988 ɗin nan an kaɗe yarinya ƴar shekara goma a Kita ta ƙasar Mali. Sabine kansa ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, aka watsa tokarsa gindin wata bishiya a Tenere. Na faɗa wa Baba ra'ayina, ya yi shiru, ya ce haka ne, sannan ya ci gaba da labarin Tatra daga inda ya tsaya.

To ga abin da aka yi wa motata. An sauke lam huɗu duka, an warware su ganye ganye a kan tabarmar buhu. Na baya ya cire ganye uku uku da aka cusa, biyu cikinsu ma ba na irin motar ba ne, an yanke su da wuta an huda. Ya sa sabuwar uwar lam a hagu da dama, ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Kowane ganye an goge tsatsarsa da burushin ƙarfe. Na tsaya na ga yadda yake gwada su: ya rataye ganye da waya, ya ƙwanƙwasa da guduma ƙarama, ya kara kunne. Mai lafiya tana ƙara doguwa kamar ƙararrawar makaranta, mai tsaga a ɓoye sai ta ce daƙ ta yi shiru. Guda biyu ya jefar ta haka, kuma da ya karya ɗaya a gabana, rabin kaurinta baƙi ne, tsohuwar tsaga. A ƙasan kowace lam ta baya ya bar ganye biyu masu kauri waɗanda ba sa taɓa sauran sai an yi lodi, don mota ta yi laushi in ba kaya, ta yi ƙarfi in da kaya.

Tsagar shasi ya huda ƙarshenta da ƙaramin bizi don kada ta ci gaba, ya yi walda, ya ɗora faranti mai siffar kifi, ba mai kusurwa huɗu ba, wai kusurwa ita ke haifar da sabuwar tsaga. Sannan dabarar mutanen Baha ta farko: amortisar biyu biyu a baya. Mazaunin ta biyun da kusoshi ya ɗaure shi, ya ƙi yin walda a leɓen shasi ko da na ce ya fi sauri. Na tambaye shi masu gora a gefe irin na waya, ya yi dariya ya ce guda ɗaya ta fi kuɗin aikin nan duka, kuma in ta lalace a Gadabeji wa zai gyara mini.

Kayan ba ya sayarwa, kuma wannan na yaba. Ya rubuta mini lamba a bayan kwalin sigari ya ce in je kasuwa in sayo da kaina. Na kawo amortisar huɗu cikin kwali mai kyalli, ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya matsa ta da ƙirji ya saki. Ta shige ba gardama, ta tsaya can ba ta dawo ba. Ya ce in mayar, jabu ce. Mai kantin ya yi ta rantsuwa, da ƙyar ya karɓa bayan ya cire jika 5 na sefa wai na yaga kwali. Na biyun da na kawo sun ci jarrabawa. Gaba ɗaya kaya sun ci jika 210, aikin hannu jika 60. A wani wurin da jika 25 za a ƙara maka ganye ka tafi yau, don haka mai neman araha kada ya ɓata ƙafarsa.

Yanzu kushe. An ce mini kwana uku, na yi tara. Baba ba ya fara aiki sai ya sha shayi na biyu, ba ya aiki bayan la'asar, ranar Juma'a rabin yini ne, kuma a tsakiyar aikina aka yi rasuwa a Tibiri ya tafi kwana biyu bai bar wa kowa izinin taɓa motar ba. Allah ya jiƙan mamaci, amma ni kasuwa uku ta wuce ni. Wayar gareji tana hannun ɗansa, shi kuma in ka kira sau biyar zai ɗauka sau ɗaya. Babu takardar shaidar biya, sai ka riƙe lissafi a kanka. Wurin zama benci ne guda, in masu hira sun cika shi sai ka zauna kan taya.

Babban laifin kuwa na aparanti ne. Ranar da na karɓi motar, ban kai Tibiri ba na ji wani ƙwal ƙwal daga baya. Na tsaya na leƙa: ƙarafan da ke ɗaure lam da pon na dama, notinsu biyu da hannu na juya su. Da na yi lodi na shiga daji a haka, pon zai iya zamewa, kuma Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Na juyo raina a ɓace. Baba bai kare kansa ba, bai ce yaro ne ba. Ya shiga rami da kansa, ya bi kowane noti na ƙasan motar ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ce laifinsa ne da bai duba ba. Yaron kuma ya sha faɗan da har ni na ba da haƙuri. Duk da haka shawarata ga wanda zai je: kada ka tashi sai Baba da hannunsa ya bi notin, ko da za ka jira shayi na uku. Jak ɗina ma da na bari a bayan kujera ban same shi ba, an ce wani yaro ya ara ya kai wa wata mota a hanyar Madarunfa.

Wata huɗu ke nan. Na yi Dakoro da Bermo sau 11, Mayahi sau uku, har da damina. Kaya na rage, buhu 18 nake tsayawa, don wannan sharaɗi ne ya kafa mini kafin ya taɓa motar, kuma in na shiga rairayi ina sauke iskar taya kamar yadda ya ce, in na fito in ƙara. Ba ganyen da ya karye. A gargadar da ta karya ni, yanzu motar tana bi tana shanyewa, bayanta ba ya wutsil-wutsil. Wata tsohuwa da ke bina kullum da ƙwaryar nono ta tambaye ni ko sabuwar mota na saya, don nononta bai zube ba. Asarar buhu huɗu a kowace tafiya tana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ban kwana a daji ba tun ranar.

Ya ce in dawo bayan tafiya biyu a sake ɗaure noti kyauta, na koma bayan ta shida. Ina tsayawa, ko gaisuwa ba mu gama ba, ya zaga baya ya ɗora bayan hannunsa a kan amortisar ɗaya bayan ɗaya, huɗun duka. Ya gyaɗa kai.

"Duk da ɗumi. Buhu nawa ka ɗora?"

"Goma sha takwas, Baba."

Ya dubi ganyen ƙasa, inda ƙarfe ya goge ya yi fari, ya dube ni.

"Ashirin ne."

Ashirin ne kuwa. Na tambayi jak ɗina, aka ce yaron bai dawo da shi ba tukuna, in leƙo ranar Litinin.